BAƘO RAƁA NE? TO, RAƁA BA TA SHEKARA TALATIN A WURI ƊAYA

Ya ku 'yan'uwana mazauna Kado da kewaye, iyaye da yayye da ƙanne. Ina neman a ba ni aron wannan fili domin in amsa wata magana da aka yi a taronmu na wata-wata da ya gabata, wadda har yanzu ta hana ni sukuni.

Waɗanda suka halarci taron sun san cewa na tayar da batun cike takardar bayanin kuɗin shiga ta shekara, wadda doka ta ce kowane mazaunin Abuja mai samun abin hannu ya miƙa wa hukumar haraji kafin ƙarshen watan Maris. Ban ko rufe baki ba sai wani dattijo daga cikin iyayenmu ya miƙe ya ce, "Sakatare, ka bar wannan zance. Mu baƙi ne a nan, baƙo kuwa raɓa ne. In haraji ne, a garinmu za mu biya." Nan take ɗakin taro ya kaure da tafi. Ni kuwa na yi shiru saboda girman furfura, don ba a musu da uba a bainar jama'a. Amma shirun da na yi ba yarda ba ce.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, da bakinka ka sha gaya mana cewa shekararka talatin da ɗaya a Kado. A nan ka aurar da 'ya'yanka, a nan aka haifi jikokinka, a nan ka yi wa matarka sutura. Garin naku da kake magana, sai Sallah Babba kake leƙa shi, wani lokacin ma sai an yi rasuwa. Wace irin raɓa ce ke shekara talatin rana ba ta busar da ita ba? Wannan kalma ta "baƙo" wasu ne suka laƙaba mana don su hana mu abin da yake namu, abin takaici kuma sai ga shi mun karɓe ta hannu bibbiyu, mun mayar da ita bargon da muke lulluɓa da shi duk lokacin da aka ce mu sauke wani nauyi.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don rashin sani ya fi dare duhu. A Nijeriya harajin kuɗin shiga na mutum ba ya bin garin da aka binne cibiyarsa, yana bin inda yake zaune ne. Haka ƙa'idar take tun dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, kuma gyare-gyaren da suka biyo baya ba su sauya wannan tushe ba. Alal misali, ma'aikacin da ke aiki a sakatariyar tarayya amma yana kwana a Mararaba, harajinsa na Jihar Nasarawa ne. Wanda ke kwana a Suleja ko Madalla, na Jihar Neja ne. Kai kuwa da ke kwana a Kado, ko a Kado Kuchi, ko Jabi, ko Gwarinpa, harajinka na Babban Birnin Tarayya ne, ko da daga Funtuwa ka fito ko Gumel ko Birnin Kebbi. Wanda yake da gida biyu, mata ɗaya a Kano ɗaya a Kado, ana duba gidan da ya fi kusa da wurin neman abincinsa. Saboda haka mai cewa "a garinmu zan biya" bai biya a can ba, bai biya a nan ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yaushe rabon da wani daga cikinmu ya hau mota ya tafi garinsu takanas don ya biya haraji?

Hukumar da ke da alhakin karɓar wannan haraji ita ce Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Babban Birnin Tarayya, wadda aka fi sani da FCT-IRS. An kafa ta da dokar 2015, ta karɓi aiki a 2018 daga hannun hukumar haraji ta tarayya. Tun 2023 kuma aka cire Abuja daga asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya, wanda hakan ya ba mahukuntan birnin damar sarrafa kuɗin da suka tara kai tsaye. Ke nan abin da aka karɓa daga hannunmu, a nan ake kashe shi, kuma a nan ne muke da bakin tambayar inda ya tafi.

Ni ban zargi iyayenmu a kan tsoron haraji ba, don na san inda tsoron ya samo asali. Sun ga zamanin haraji da jangali na En'e, lokacin da dogari zai ɗaure magidanci a rana a gaban iyalinsa saboda 'yan sulalla, lokacin da mutum kan sayar da akuyarsa ta ƙarshe ko ya gudu ci-rani don kada a ci mutuncinsa. Wannan zalunci ne Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka yaƙa, har Allah ya kawo Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Amma a lura da kyau, wancan harajin na kai ne, ana ɗora shi a kan mai shi da marar shi, ba ruwan mai karɓa da ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wanda nake magana a kansa kuwa yana bin abin da mutum ya samu ne, kuma takardar da muke gudu ita ce kaɗai hanyar da talaka zai nuna cewa bai samu ba.

Ga lissafin a fili. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda tanadinsu kan harajin kuɗin shiga ya fara aiki daga 1 ga Janairun 2026. A ƙarƙashinsu, Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu ko sisi. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka abin ke hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a wata ba, an ɗauke masa gaba ɗaya. Mai zaman haya kuma ana rage masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa daga abin da za a yi wa lissafi, matuƙar ragin bai wuce Naira 500,000 ba.

Mu ɗauki mai shayin da ribarsa ba ta wuce Naira 60,000 a wata. A shekara ya sami 720,000 ke nan, ba a bin sa komai. Mu ɗauki direban da ke samun Naira 150,000 a wata, wato miliyan 1.8 a shekara, yana biyan hayar 600,000. Za a rage masa 120,000 saboda haya, saura miliyan 1.68. A cire 800,000 da ba su da haraji, saura 880,000. Kashi 15 cikin ɗari na wannan shi ne 132,000 a shekara, wato 11,000 a wata. Ban ce kuɗi kaɗan ba ne a wannan zamani na tsadar rayuwa. Amma ina roƙon kowane ɗan kasuwa da kowane direba ya zauna ya haɗa abin da masu tikiti da masu sanda da masu riguna kala-kala suke karɓa a hannunsa a wata guda, ba rasit na ƙwarai, ba sunansa a ko'ina, sannan ya gaya mini wanne ya fi. Muna biya, jama'a! Kullum muna biya. Bambancin kawai shi ne muna biya a inda ba za a taɓa rubuta cewa mun biya ba.

Wanda kuma ya ƙi cike takarda yana zaton ya ɓuya, to, ya sani doka ta ba hukuma ikon yi masa ƙiyasi da kanta. Jami'i zai dubi shagonka, ya dubi motarka, ya rubuta abin da ya ga dama, kuma kwana 30 kawai kake da su ka rubuta ƙin amincewa. Da wace hujja za ka yi musu alhali ba ka da littafin ciniki, ba ka taɓa bayyana komai ba? Bugu da ƙari, sabuwar doka ta sa tarar Naira 100,000 a watan farko ga wanda bai miƙa takardarsa ba, da 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Kuma zamanin ɓuya ya wuce, tunda lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, ita ce ta zama lambar harajin mutum, ita ce kuma ke manne da layin wayarka da asusunka na banki.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato batun haƙƙi. Akwai takardar da ake kira shaidar biyan haraji, wadda ke nuna matsayin mutum na shekaru uku da suka gabata. Tun a tsohuwar doka an jera wuraren da ake neman ta: neman fili da takardar mallakarsa, amincewa da zanen gini, rabon rumfunan kasuwa, neman kwangilar gwamnati, neman rancen gwamnati, rajistar mota, tsayawa wa wani a fom ɗin fasfo, da neman muƙamin gwamnati. Ku sake karanta wannan jeri a hankali. Akwai abu ɗaya a ciki da ba ma kuka a kansa a kowane taro? Muna cewa an hana mu rumfa, an hana mu fili, an hana 'ya'yanmu kwangila saboda mu 'yan Arewa ne ko saboda mu baƙi ne. Wani lokacin gaskiya ne, ana yi. Amma sau nawa ne muka miƙa wa mai son hana mu sandar da zai doke mu da ita?

Na ga wannan da idona. Wani ɗan ƙungiyarmu, mai sana'ar da ya shekara fiye da ashirin yana yi a gefen wata kasuwa, ya nemi rumfa lokacin da aka sake gini. Aka ce ya kawo shaidar haraji ta shekara uku, aka ba shi mako biyu. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, sai ya faɗa hannun wani ɗan kamasho, ya ba shi kuɗin da ya ninka harajinsa na gaskiya, aka kawo masa takarda mai hatimi da sa hannu. Da aka buga lambar a kwamfuta sai ga sunan wani daban. Ya rasa rumfa, ya rasa kuɗi, da ƙyar muka roƙa aka bar maganar ba ta kai ga 'yan sanda ba. Rumfar kuwa wani yaro ne ya samu, wanda bai fi shekara huɗu da zuwa Abuja ba, don shi yana da takardunsa. To, wa ya mayar da ɗan'uwanmu baƙo? Ni dai ban ga laifin yaron ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke gwamnati ne. Ina da magana da ita, kuma mai zafi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba daidai ba ne ranar karɓa a ce mana "mazauna", ranar rabo a ce mana "'yan ci-rani". Idan ana neman haraji babu mai tambayar takardar indijin, amma idan yaron da aka haifa a Kado, ya yi firamare da sakandare a nan, ya zo neman gurbin aiki ko tallafin karatu, sai a ce ya tafi ƙaramar hukumar kakansa ya karɓo takarda, garin da ko hanyar gidan mai unguwa bai sani ba. Alhali Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina cikin tarayya. Sashe na 41 ya ba mu 'yancin zirga-zirga da zama, na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali ko ƙabila ko addini, na 43 ya ba mu 'yancin mallakar gida da fili a duk faɗin ƙasa. Shi wannan birni ma, da Janar Murtala Muhammed ya kafa da dokar soja mai lamba 6 a Fabrairun 1976, aka kuma dawo da fadar gwamnati cikinsa ranar 12 ga Disambar 1991, an gina shi ne da alkawarin zai zama na kowa da kowa.

Sai dai Tsarin Mulkin da muke kafa hujja da shi, a sashe na 24, ya ce wajibi ne kowane ɗan ƙasa ya bayyana abin da yake samu da gaskiya ga hukumar da ta dace, ya kuma biya harajinsa a kan lokaci. Ba za mu riƙe sashe na 42 mu jefar da na 24 ba. Matan Abekuta a ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, da suka tayar da ƙayar baya har Alake ya sauka daga karaga a 1949, ƙarfin hujjarsu shi ne ana karɓar harajinsu ba a ba su wakilci. Ranar da za mu tsaya gaban shugaban ƙaramar hukumar AMAC ko kansilan mazaɓarmu da jerin magidanta ɗari biyu ko uku, kowa da lambarsa da rasitinsa, mu ce ga abin da unguwarmu ta zuba, ina magudanar ruwa, ina ƙarin azuzuwa, ina maganin asibiti, ranar ce za a saurare mu da kunne biyu.

Ina kuma jan kunnen matasanmu, kada a mayar da wannan magana ta zama gaba da Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da sauran waɗanda muka tarar a nan. Su aka karɓe wa gonaki da kushewun kakanni aka gina birnin, kuma da yawansu har yau suna bin diyya. Sun karɓe mu da mutunci. Neman haƙƙinmu ba ya nufin taka nasu.

Ba zan yaudari kowa ba: takardar haraji ba ta tare buldoza. Waɗanda suka ga rusau a zamanin Nasiru el-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, sun sani. Amma sun kuma san cewa ranar da ƙura ta lafa aka zo maganar wa za a saurara, mai takarda ne ya sami bakin magana. A 2025 ma mun ga yadda Minista Nyesom Wike ya soke takardun mallakar dubban filaye saboda an shekara da shekaru ba a biya kuɗin ƙasa ba, har da na manya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tsofaffinmu da suka zauna zango a Gana suna tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice, mutanen da wasunsu a can aka haife su. Mu a nan 'yan ƙasa ne, ba mai korar mu, amma darasin ɗaya ne: tsawon zama ba ya magana a ofis, takarda ce ke magana.

Akwai tambayar da iyaye mata suka fi yi mini, game da 'ya'yansu da ke aiki a Makka da Jidda da Dubai da Ingila da Amurka. Jita-jita ta bazu cewa za a riƙa cire haraji daga kuɗin da suke aiko wa gida. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kuɗin cefane da ɗanki ya aiko miki kyauta ce, ba a yi mata haraji. Nijeriya ba kamar Amurka ba ce, wadda ke bin ɗan ƙasarta da takardar haraji duk inda yake a duniya, ko Eritiriya mai karɓar kashi 2 cikin ɗari daga 'yan ƙasarta na waje. Mu zama ake dubawa. Wanda ya yi kwana 183 a Nijeriya cikin wata goma sha biyu, ko yake da gidan zama na dindindin a nan, ko iyalinsa da harkokinsa suke nan, ana iya ɗaukar sa mazauni, a nemi bayanin duk abin da ya samu har na waje. Wanda ya tare can gaba ɗaya kuwa, ba a bin albashinsa na can, amma idan yana da gidan haya a Gwarinpa ko shago a Utako, abin da ke fitowa daga nan ana masa haraji a nan. Saboda haka ku da kuke karɓar musu haya, ku gaya musu su nemi masani ya duba matsayinsu. Nijeriya na da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Kanada da Sin da Afirka ta Kudu. 'Yan'uwanmu 'yan Maraɗi da Damagaram da ke sana'a tare da mu kuma, wannan ƙa'ida ta zama ta hau kansu kamar yadda ta hau kanmu.

Wani ya ce mini ai ya fitar da zakka, ta wadatar. Ni ba malami ba ne, na bar wa malamanmu wannan fage. Abin da na sani shi ne zakka haƙƙin Allah ce, an ware waɗanda ake ba wa, kuma babu ofishin filaye da zai karɓi shaidarta a madadin ta haraji. Wani kuma ya ce ba mu yi boko ba, fom ɗin da Turanci yake, yanzu ma ta intanet ake cikewa. Wannan uzuri ba zan karɓe shi ba, don ni kaina ina da mata da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, yara na yi mini dariya, yau ga shi ni ke rubuta wasiƙun ƙungiya. Kuma wane gida ne a Kado babu yaro mai wayar zamani?

Don haka ga abin da nake kira a kai. Na ɗaya, kowane mai sana'a ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ko da da ajami ne, don riba ake yi wa haraji, ba uwar kuɗi ba. Na biyu, a adana rasitin haya da yarjejeniyar mai gida. Na uku, ma'aikacin da ake cire masa daga albashi ya tabbatar an kai kuɗin da sunansa, don wajibi ne mai ɗaukar aiki ya miƙa bayanin ma'aikatansa kafin 31 ga Janairu, shi ma kuma ya cike tasa. Na huɗu, kowa ya miƙa takardarsa kafin 31 ga Maris, ko da lissafi ya nuna ba a bin sa komai. Na biyar, kada a ba kowa tsabar kuɗi a hannu, a biya ta banki a karɓi rasit. Wanda aka yi wa ƙiyasin zalunci ya zo da takardar ofishin ƙungiya tun kwana 30 ba su cika ba, mu taimaka masa ya rubuta koke, don akwai kotun sauraron ƙararrakin haraji, sabuwar doka ma ta tanadi ofishin karɓar koken masu biya. Ni da wasu matasanmu za mu riƙa zama kowace Asabar bayan La'asar don taya jama'a cikewa, ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Baba, ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi. Kai ne ka karɓe mu muna samari, ka nuna mana hanyar gari. Abin da nake roƙo shi ne ranar Asabar ta farko ka zama na farko a layi, ka zo da katinka na ɗan ƙasa da rasitin hayarka, don jikokinka su ga sunan kakansu a rubuce a littafin birnin da aka haife su.

Allah ya yi mana jagora, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Kado, Abuja